Kawu Ba Ya Yarda da Mai Roƙo

Kawuna ya yi shekara ashirin da biyu yana gadin ƙofar ɗakin marasa lafiya a wani asibiti, kuma ban taɓa ganin ya yarda da mai roƙo ba. Lokacin ziyara daga ƙarfe huɗu ne zuwa shida. Duk wanda ya zo kafin nan, sai ya sha tambayoyi a gaban kujerarsa ta roba.

Yana da nasa ma'aunin. Wanda ya fara da "don girman Allah, Baba," wai tun daga gida ya shirya maganar. Wanda ya durƙusa, wai ya saba ne. In mace ta fashe da kuka, sai ya leƙa fuskarta ya ga ko da hawaye. Ni kaina da nake 'yar ƙanwarsa, in na ce ya yi haƙuri, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Me kika fasa?"

"Mai gaskiya bakinsa mutuwa yake yi," in ji shi. "Sai dai ki ga ya tsaya yana kallon ƙofa." Irin waɗannan kaɗai yake buɗe wa. Halin nan nasa ya sha ba ni haushi.

Da ciwo ya kama matarsa, wani babban asibiti aka tura ta, inda ba wanda ya san shi. Ranar da za a yi mata aiki motar da muka shiga ta lalace a hanya, muka iso saura kwata a shiga da ita. Maigadin wurin ya ce lokacin ziyara bai yi ba.

Na taɓa hannun Kawu. "Kawu, ka roƙe shi mana."

Ya tsaya ƙiƙam, hula a hannu, yana kallon ƙofa. Ni na yi ta magiya, na yi rantsuwa, har na durƙusa. Maigadin ya dube ni, ya dubi Kawu.

"Ke kin cika surutu. Shi da kike cewa mijinta ne ko uffan bai ce ba. Da da gaske ne, da ya yi magana."

Aka shiga da ita ba su ga juna ba. Ba ta farfaɗo ba.

Sai bayan wata guda na iya tambayarsa abin da ya hana shi magana. Ya murza hularsa.

"Na buɗe baki zan ce don Allah," ya ce, "sai na ji muryar mutanen da na yi ta kora. Ni ma ban yarda da kaina ba."