Taswirar Matattun Famfuna

A ofis Mai Zane ake kiranta. A gida kuwa gwaggonta cewa take yi, "Shekara huɗu a jami'a, ki ƙare da wasa da kala kamar ’yar firamare!" Ita dai sai ta yi dariya. Aikinta shi ne a jibge mata alƙaluma shafi ɗari biyu, ta mayar da su hoto guda wanda ko maigadi ya kalla zai gane. Tsantsenin aiki wajen mahaifinta tela ta gado shi, mutumin da ba ya rage ko inci ɗaya a awo don ya faranta wa mai tumbi rai.

Shekararta goma sha ɗaya a ofishin kula da ruwan sha, teburinta a lungu, kusa da na'urar firinta mai cinye takarda. Rannan aka ce ta zana taswirar famfunan unguwanni don babban taro. Ta sa wa mai aiki koren ɗigo, matacce kuma ja. Cikin ɗari uku, ɗari da tamanin suka fito ja wur.

Darakta ya kira ta, ya juya takardar sama da ƙasa.

"Wannan ja ya yi yawa. Ki cire duk wanda ya shekara ba ruwa. Ai ya tashi daga famfo, ya zama ƙarfe."

"Yallaɓai, mutane fa na zaune a wurin."

"Zane aka ɗauke ki yi, ba tausayi ba."

Ranta ya ɓaci. "Wallahi ba zan goge ba, Yallaɓai. Ba ni na kashe su ba, ƙirga su kawai aka yi."

Aka ba wani ma'aikaci aikin, kafin azahar ya gama. Ranar taro taswira ta fito kore shar, baƙi suna tafi, ita tana tsaye a baya tana cizon leɓe. Bayan sati guda aka mayar da ita ɗakin ajiyar fayil, wai ba ta da ladabi. Ta yi wata biyu tana shaƙar ƙura, sannan ta ajiye aikin.

Ba ta ɗauki ko takarda ɗaya daga ofis ba. Da ƙafarta ta bi unguwanni, matan da ke layin ruwa suna nuna mata famfo bayan famfo, tana rubutawa. Ta zana sabuwar taswira, matan suka manna ta a ƙofar kasuwa, jama'a suka yi cincirindo kowa na neman layinsu da yatsa.

Daga nan aka gyara famfo guda tara. Yanzu asibitoci da makarantu take yi wa zane daga ɗakinta. In aka yaba mata a kan taran nan, sai ta haɗe rai.

"Tara? Saura ɗari da saba'in da ɗaya fa!"