Kunnen Yaya a Kwamin Ninƙaya

Yayana mai dasa tayil ne, ni kuma mai gyaran famfo. Shekara takwas ya ba ni, kuma bai taɓa bari na manta ba. Tun yana ɗan shekara sha shida ya durƙusa a kan siminti, ga shi ya haura sittin bai miƙe ba. Da wannan durƙuson ya aurar da 'ya'ya huɗu, ya gina ɗaki biyu da falo. Abin dariya, tsakar gidansa har yau siminti ne tsura. In matarsa ta yi mita sai ya ce shi ba ya kai aiki gida.

Abin da ya fitar da shi daban a cikin 'yan sana'ar shi ne kunne. Tayil in ya saki siminti ta baya, ido ba ya ganewa, sai an ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma. Mai lafiya sautinsa a dunƙule yake, wanda ya saki kuwa ƙara yake yi irin ta gwangwanin da ba komai a ciki. Yaya yakan bi bango yana bugawa da sauri, ya zana da'ira da alli a kan duk wanda bai yarda da shi ba, a fasa a tarar da rami. Ko dubiya ya je asibiti sai ya ƙwanƙwasa musu bango da yatsa, ya fito yana tsaki.

Injin yankan tayil ne ya cinye masa kunnen, shekara arba'in yana yi masa ihu a gefen kai. Ya fara da ƙure muryar rediyo. Matarsa ta koma yi masa magana kamar mai kiran wani a tsallaken titi. In ka ce ya je a duba shi, sai ya ce, "Surutun mutane ne ba na ji, kuma ban yi asarar komai ba. Tayil kam ina jin sa." Ni na san ba haka ba ne. Amma ina shakkarsa, ga kuma tausayi, sai na ja bakina na yi shiru.

Bara aka kira mu wani gida mai kwamin ninƙaya a farfajiyar baya. Matar gidan dattijuwa ce, mijinta ya rasu, kwamin ya shekara shida a bushe. Likita ya ce mata ta riƙa tafiya a cikin ruwa saboda ciwon ƙugu, shi ne ta tuna da mutumin da ya dasa mata tayil ɗin tun farko. Yaya ya yi murna ba kaɗan ba. Ranar har wanka biyu ya yi.

Mun tarar da kwamin cike da ganye da ledoji, da wata tsohuwar kujerar roba mai ƙafa uku, ga koren ruwa ya kwanta ta wajen zurfin. Muka kwashe, muka wanke. Aikina canza bututu da injin tace ruwa. Nasa kuwa ya gano tayil ɗin da suka saki, ya ciccire ya sa sababbi, don in aka cika ruwa a kansu ɓamɓarewa za su yi, su yanke wa baiwar Allah ƙafa.

Ina cikin ramin injin ina jin sa yana bugawa. Ni ba gwani ba ne, amma na tashi da wannan ƙarar a kunnena. Na ji gwangwani ya amsa, na leƙo, na ga ya wuce bai zana komai ba. Ya sake wuce wani, ya sake wuce wani. Can na lura yana ɗora tafin hagunsa a bango in ya buga, yana neman ya ji da hannu abin da kunne ya hana shi. Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi fushi.

Da rana ya fita cin abinci. Na sauka da gudumarsa da allinsa na bi bangon daga farko, ina zana da'ira irin tasa. A tunanina na yi wayo. Na manta cewa Yaya yana ƙirga da'irarsa kafin ya ajiye alli.

Ya dawo yana sakace, ya tsaya a bakin kwamin ya daɗe yana kallo.

"Ashirin da uku na bari," ya ce. "Haihuwa suka yi?"

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ni ne."

"Me ka ce?"

Dole na maimaita da ƙarfi, har matar gidan ta ɗaga labulen kicin.

"Yau kuma mai famfo ne zai koya mini tayil? Kai da ko layi ba ka iya ja a miƙe ba?"

Ya sauko ta tsani a fusace, ya zaɓi da'irata guda, ya buga, ya kara kunne har kumatunsa na taɓa bango. "Lafiyarsa ƙalau," ya ce. Ya ɗauko cizal, ƙarfen ɓamɓare tayil, don ya kunyata ni, ya sa a gefen tayil ɗin. Bai ma buga da ƙarfi ba tayil ɗin ya faɗo a hannunsa, bayansa wayam sai ƙura da gidan tururuwa. Ya gwada na biyu, ya gwada na uku. A na bakwai ya ajiye cizal ɗin ya zauna a ƙasan kwamin, ya miƙe ƙafafu.

"Tun yaushe ka sani?"

Na ɗaga masa yatsu biyu.

"Wata?"

Na girgiza kai. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ya hau lissafa gidajen da ya yi wa aiki a shekara biyun nan, yana naɗe yatsu. Gida tara.

Aikin kwamin mun gama shi a kwana goma sha ɗaya, ni ke bugawa, shi ke cirewa yana dasawa. Hannunsa na nan yadda na san shi, layinsa kamar an ja da zare. Aka cika ruwa, ya yi shuɗi shar, matar gidan ta shiga da sandarta tana ta sa mana albarka. Yaya ko murmushi bai yi ba. A asibiti kuma, da 'yarsa ta ja shi da ƙyar, aka ce jijiyar kunnen ta riga ta mutu. Na'urar da za a maƙala masa za ta taimaka wajen jin magana, amma ba ta kai ga irin jin da yake nema ba.

Sai ya kafe lallai mu bi gidajen nan tara, ni in buga, shi ya gyara abin da ya ɓata, kyauta. Na so in hana shi, matarsa ta ce, "Ƙanina, raka shi kawai, in ba haka ba ba zai bar mu mu zauna lafiya ba."

A gida na farko maigidan ya karɓe mu da fara'a, ya kai mu banɗakin yana ta kame-kame. Tayil ɗin ciki fari ne, alhali Yaya ruwan toka ya dasa. Wata huɗu da gamawa suka fara zubowa, in ji shi, sai ya kira wani. Bai so ya faɗa wa Yaya ba, don yana jin nauyinsa. A gida na biyu labarin bai canza ba. A na uku matar ta ce ai duk unguwar an sani, kowa kunya ce ta hana shi magana.

Ba mu je na huɗu ba. Muka zauna a kan dakalin wani shago a rufe, motoci na wucewa. Yaya ya zaro wayarsa daga aljihu, ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya ce da ni, da muryar nan tasa mai ƙarfi da bai san tana da ƙarfi ba:

"Ashe masu ba da aiki ne suka daina kirana. Ni duk na ɗauka ƙarar wayar ce ba na ji."