Min Wanlu, Manajan da Ya Hana Kunnensa Waƙar Yaransa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Min Wanlu a gidansa da ke bayan kasuwar tumaki, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun shigowar sanyi. Mun sallace shi bayan azahar, muka kai shi makwancinsa a gindin tudu dusar ƙanƙara tana sauka. Tun ba mu dawo ba na ji mutane suna tambayar abin da ni ma yake cina a rai: shi ke nan Tsohuwar Gada ta watse?

Tsohuwar Gada su ne samarin nan huɗu na garinmu masu jita da ganga, waɗanda suka ɗauko hua'er, waƙar da muke yi a kan tudu, suka ɗora ta a kan kiɗan zamani. Wanlu, kai ba ka kiɗa, muryarka kuma ko tumaki ba ta kira. Amma kai ne mai nemo musu wurin wasa, kai ne direba, kai ne mai ɗaukar lasifika a kafaɗa. Ni ban taɓa zama a aji ba, alfadarai na kora har ƙafafuna suka gaji. Maƙwabciyata ce take rubuta wannan, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Ranar da ka fara zuwa wurina, da ganyen shayi da dabino ka zo. Ka ce, "Baba Shan, waƙoƙin nan da ke kanka, da su za a binne ka?"

Na ce, "Da su. Ina ruwanka?"

Ka yi dariya ka tafi. Ka yi ta dawowa har shayin ya fi ƙarfin tukunyata. Da na yarda zan koya wa Bai Hailin, mai waƙar ƙungiyar, sai na gindaya maka abin da kowa ya taso ya tarar: waƙar tudu waƙar bege ce, ba a yinta a ƙarƙashin rufi, ba a yinta cikin unguwa, ba a yinta a gaban uba ko suruki. Ka ce ka ji. Amma ka daɗe a birni, ka ɗauka abin ya mutu tare da kakanninmu.

Wasansu na farko ka kama musu babban ɗakin taro. Saboda kyakkyawar zuciya kuma, ka aika mota ta ɗauko mahaifin Hailin, ka zaunar da shi a layin gaba don ya ga ɗansa ya zama mutum. Ni ina waje a kan dakali, don na ce ba zan shiga ba. Na ji ganga ta tashi, jita ta bi ta, sannan shiru. Yaron ya buɗe baki ya hangi farar hular ubansa, muryar ta maƙale. Sai ga tsoho Bai, mahaifin nasa, ya fito yana huci.

"Shan, kai ne ka koya wa ɗana rashin kunya?"

Na ce, "Ni waƙa na koya masa. Ka tambayi wanda ya aiko maka mota."

Da wani ne, da ya ce mutanenmu ne suka cika duhun kai. Kai kuwa washegari ka je ka durƙusa a ƙofar tsohon, ka ce laifinka ne, yaron bai san komai ba. Daga nan ka je wurin shugaban kasuwa ka roƙi filin tumaki da ke wajen gari, bayan kasuwa ta tashi. Da hannunka kake share kashin tumakin. Ana farawa bayan la'asar, ana tashi kafin kiran magariba, ko liman bai taɓa samun abin faɗa ba. Kai ne kuma a bakin ƙofa kana tantance masu shiga, don kada manyan dangin yaran su shiga.

"Inna, mece ce ke ga mai ganga?"

"Goggonsa ce ni, ka matsa mini."

"To, shayinki yana can bayan katanga, da zafinsa."

A bayan katangar nan dattawa suke zama suna hirar tsadar ciyawa, ƙafafunsu suna bin kiɗan, kowa yana yin kamar bai ga na kusa da shi ba.

Yadda ka yaɗa sunan yaran nan kuwa, sai wanda ya gani. Babu shagon taliya a gundumarmu da ba ka manna hotonsu ba. Direbobin bas ka bi su ɗaya ɗaya har suka riƙa sa waƙar a mota, masu zuwa birnin Lanzhou suka tafi da ita a baki. 'Yarka Yulan tana ɗaukar wasan da waya tana sawa mutane suna gani. Da wani kamfani na birni ya zo yana son Hailin shi kaɗai ba da sauran ba, ba ka ɓoye masa ba, ba ka kuma riƙe shi ba. Ka ce ya je ya yi tunani. Ya dawo ya ce shi da 'yan'uwansa ne.

Sai Allah ya haɗa zuciyar Hailin da ta Yulan. Kowa ya yi murna, sai daga baya muka ga inda abin ya dosa: ranar da aka ɗaura aure, ka zama surukin mai waƙarka. Goggo da kawu katanga tana isarsu, amma uba da suruki ba ta isarsu, domin muddin yaro ya san suna can ba zai iya ba. Hailin ya zo ya ce zai bar waƙa. Ka zo wurina fuskarka ba daɗi.

"Baba Shan, babu wata ƙofa?"

"Babu."

"Ko in toshe kunne ɗaya?"

"Ka toshe biyun ma, shi dai ya san kana nan."

Sai ka ce, "To, ni zan tafi. Su su tsaya."

Tun daga ranar, kai ne mai kafa lasifika, kai ne mai gwada wayoyin wuta. Da mai ganga ya ɗaga sanduna sai ka shiga tsohuwar motarka ka nufi bakin kogi, ba ka dawowa sai mutane sun fara watsewa. Ko a waya ba ka sauraronsu, ka ce abin da ka bari ka bar shi ne gaba ɗaya. Wurina kake zuwa.

"Yaya muryarsa yau?"

"Kamar akuyar da aka taka wa ƙafa."

"Baba, ka ji tsoron Allah!"

Sai in faɗa maka gaskiya, in ce ya kai inda ake kaiwa, mata sun share hawaye da bakin mayafi. Ka yi ta murmushi kana naɗe igiyoyi. Shekaru ka yi a haka, kana tallan abin da ka hana kanka ji, ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

Ranar sadakar bakwai, an soya waina ana rabawa maƙwabta, sai samarin suka same ni a tsakar gida. Hailin ya ce, "Kaka, mun yi shawara. Za mu ajiye kayan. Wa zai je wurin shugaban kasuwa? Wa ya san direbobin nan? Mu kiɗa kawai muka iya."

Ina shirin zaginsu sai Yulan ta fito daga ɗakin girki, hannunta duk mai. Ta ce, "Yaya, maimaita in ji. Babana ya hana kunnensa waƙarku don kada ku tsaya, yau ko arba'in bai yi ba ku ce kun tsaya? Shugaban kasuwa ya zo gaisuwa ɗazu, na tare shi a ƙofa. Filin namu ne da zarar ƙanƙara ta narke. Makullin mota yana wurina. Wanda hannunsa ya manta jita ya je ya tuna."

Mai ganga ne ya tambaya a hankali ko ta iya tuƙi. Ta ce ya shiga baya ya gani. Wanlu, ƙungiyarka ba ta watse ba, ta samu manaja wadda ta fi ka zafi.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa sanyin halin da ka yi wa mutane ya tarar da kai. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta haƙura da lasifika a ɗakin kwananta, ga Yulan da Hailin, ga 'yan'uwanka na Lanzhou, da samarin Tsohuwar Gada. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku riƙe juna. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Shan Fulu, tsohon mai korar alfadarai