Muryar Malam a Cikin Kwantena

Mahaifinmu ya daɗe yana karantarwa a zauren gidanmu na Ɗantutture, kuma wani ɗalibinsa mai son rediyo ya riƙa ɗaukar karatun a kaset tun kafin in yi wayo. Da Malam ya rasu, a cikin duk abin da ya bari babu wanda ya kai kwalin kaset ɗin nan daraja a wurina, har gona. Akwai tafsiri, akwai fiƙihu, akwai hirarsa da ɗalibai idan an rufe littafi. Ni ce babba a ɗakinmu, ina koyarwa a Dutsin-Ma, kuma ni na matsa sai an ceci muryar, domin zaren kaset ya fara mannewa.

Ƙanena ya yi aikin. Kwamfuta ya karanta, yana da shago a cikin gari, kuma a ƙuryar shagon akwai wata babbar na'ura da suke kira saba, wadda ba a kashe ta. Ya juye kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe shafi a intanet inda tsofaffin ɗaliban Malam ke shiga su saurara. Saurare kawai, ba a saukewa a waya, don mun yi shawara kada a riƙa yanka karatun guntu-guntu ana yawo da shi. Da muka gama sai muka mayar wa Inna kwalinta can gida.

Na taɓa tambayarsa ko na'urar tamu ce mu kaɗai. Ya ce a'a, ayyukan mutane da yawa ne a ciki, amma kowa da kwantenarsa.

"Kamar gidan haya ne, Yaya," in ji shi. "Gida ɗaya, kowa da ɗakinshi. Akwai manhajar da ke riƙe da ɗakunan, ita ke hana wani ya leƙa na wani."

Na ce to madalla. Ni dai tunda na ji an ce bango, hankalina ya kwanta.

Ɗaya daga cikin masu ɗakunan surukinsa ne, Alhaji, uban matarsa, mai sayar da taki da iri ga masu noman rani na bakin madatsar ruwa ta Zobe. Wani ya kawo wa Alhaji manhajar da manoma za su riƙa neman kaya ta waya, ba wanda ya san inda aka samo ta. Da aka zo sa ta, sai ta ƙi tashi sai an ba ta izinin taɓa ko'ina a cikin na'urar, wato mabuɗin gidan gaba ɗaya. Ƙanena ya san bai kamata ba. Amma mutumin da ko sunan Alhaji ba ya iya faɗa, wanda in ya hango shi a hanya sai ya cire takalmi ya durƙusa, ta ina zai fara cewa a'a? Ya ba ta mabuɗin, da niyyar zai gyara daga baya.

Duk wannan ban san shi ba sai ranar da abin ya faru.

Da hantsi ne, ina ofishin malamai, wani dattijo daga Makera, tsohon ɗalibin Malam, ya kira ni ya ce shafin ya ƙi buɗewa tun jiya. Na ce wataƙila wuta ce. Da aka tashi daga makaranta sai na biya ta shagon. Na tarar da ƙanena zaune a ƙasa, ba a kan kujera ba, ya jingina da bango, hularsa a gefe. Rabon da in gan shi haka tun ranar jana'izar Malam.

"Lafiya?"

"Yaya, an shiga."

"An shiga ina? Shagon aka fasa?"

"Na'urar. Sun share komai."

Wallahi ban gane ba da farko. Na dubi na'urar, ga ta nan tana ƙugi, fitilunta na ƙiftawa kamar kullum, ƙofar shago lafiya lau, ko kwaɗo ba a taɓa ba. Na ce ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce wasu ne, ba a san ko daga wace ƙasa ba, suka sami kafa ta manhajar Alhaji. Da suka shiga kwantenarsa sai suka tarar da mabuɗin gida a rataye, ga kuma wata ɓaraka a manhajar da ke riƙe da kwantenonin. Suka haura, suka mallaki na'urar duka. Ba mu suke nema ba, ba su san mu ba. Wuri suke so su zuba nasu aikin, shi ne suka share abin da suka tarar.

Wannan shi ya fi girgiza ni. Da a ce maƙiyi ne ya yi, da na san inda zan kai fushina. Amma wani ya goge muryar ubana bai ma saurare ta ba, bai san akwai ta ba.

"To ajiyar da ka ce ka yi fa? Ba ka ce akwai kwafi na biyu ba?"

Ya nuna mini wani ɗan akwati baƙi da ke jone da na'urar. Kwafin yana ciki, amma da yake a jone yake, shi ma sun kai gare shi. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na nemi kujera na zauna.

Sai kuma ya faɗi abin da ya sa na kusa kai masa mari, duk da cewa magidanci ne mai 'ya'ya uku. Ashe tun watanni aka sanar da ɓarakar, har an fitar da facin da zai toshe ta. Sa facin yana buƙatar a kashe na'urar na ɗan lokaci, a kuma karɓe mabuɗin nan daga kwantenar Alhaji, a bar ta da iya ɗakinta, ko da manhajar za ta daina aiki. Lokacin kuwa ana tsakiyar noman rani, kasuwar Alhaji na ci.

"Shi ne ba ka faɗa masa ba?"

"Na aika, Yaya."

Ya aika. Ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa mahaifiyarta, mahaifiyarta ta jira Alhaji ya ci abinci sannan ta gaya masa. Kafin zancen ya isa, ya zama wai surukinka na so ya kore ka daga injinsa. Alhaji ya aiko da cewa in nauyi ya yi wa yaro yawa a faɗa masa, zai kwashe kayansa. Ƙanena ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya aika da ban haƙuri, ya bar komai yadda yake.

Na yi faɗa ranar, har masu shagon kusa suka leƙo. Na ce masa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa ya ga tsagar da idonsa, ga siminti a hannu, ya tsaya yana gaisuwa. Na ce kunya ado ce, ban musa ba, da ita aka raine mu, amma ban taɓa jin inda aka ce a bar ƙofa buɗe don kada suruki ya ji ƙarar rufewa ba. Malam ubansa ne shi ma, na sani, kuma sanin hakan bai rage mini komai ba.

Da na huce kaɗan sai na tuna kwalin. Na ce ai shi ke nan, wahala ce kawai, a sake juyewa. Shi ma ya ɗago kai a karon farko. Ya fara lissafa yadda zai yi wannan karon: faci da zarar ya fito, kowace kwantena da iya izininta, ba za a sa manhajar da ba a san asalinta ba ko ta waye, kwafi kuma a cire shi a ajiye a wani gida daban. Na ce ya adana wa'azinsa, ni na tafi ɗauko kaset.

Washegari na hau mota zuwa Kurfi, daga nan ɗan acaba ya ƙarasa da ni gida. Na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake a faranti. Muka gaisa, na sha ruwa, sannan na ce ina kwalin Malam.

"Wane kwali?"

"Na kaset, Inna."

"Ai an rufe su," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ba kun ce duk sun shiga na'ura ba? Na ga gara ta fara cin kwalin, abu kuwa da sunan Allah a ciki ba a barin shi ya wulaƙanta. Na sa liman ya gina rami bayan masallaci, inda ake sa tsofaffin takardu. Damina biyu ke nan."

Na zauna a kan turmi ina kallon bakinta. Can na ce a samo fartanya, wataƙila wasu ba su lalace ba.

"Ba a tonon abin da aka rufe da addu'a," in ji ta. Sai yanzu ta ajiye farantin ta dube ni sosai. "Mi ya faru?"

Na gaya mata. Ban yi zancen kwantena ko faci ba, na ce dai ɓarayi sun shiga na'urar sun goge karatun, babu abin da ya rage.

"Duka?"

"Duka, Inna."

"Har wanda yake tari a tsakiyar Suratu Maryam, ya ce a ba shi ruwa?"

"Har shi."

Ta jawo farantin ta ɗora a cinya, amma ba ta ci gaba da tsintar ba.

"Ni na miƙa mashi ruwan nan ta bayan labule," ta ce. "In kin saurara da kyau, ana jin ya ce mani sannu."