Tsibirin da Babu Dutse

Tun da hannuwana suka fara tsagewa a sanyin Landan, likita ta hana ni yawan taɓa ruwa, sai na koma taimama a mafi yawan salloli. Ina da wani ɗan dutse da na zo da shi daga gida, ya yi sulɓi saboda shafa. Ranar da muka tashi daga Deptford zuwa wani flat a Lewisham ya ɓace cikin kwalaye. Wanda bai zauna a nan ba, ba zai gane wuyar samun dutse ba: ƙasa kafet, bango fenti, waje kwalta. Na koma lallaɓa alwala, fata tana jini, Hajiya tana faɗa.

Ana cikin haka 'yarmu ta zo ta ce, "Baba, na yi booking. Za mu je wani tsibiri ku sha rana."

Na ce, "Madalla. Ba za a rasa dutse a can ba."

Hajiya ta ce, "Malam, mutane na zuwa kallon teku, kai za ka je tsintar dutse?"

Daga jirgin sama na fara tasbihi. Tsibiran a jere suke kamar zobe, ruwan tsakiya kore shar, na waje shuɗi mai duhu. Namu ƙarami ne, tsakanin la'asar da magariba mutum ya zagaye shi a ƙafa. Mutanensa Musulmi ne, masunta. Bayan asuba maza su fita da kwale-kwale, mata su yi ta ƙyafe kifi har ya bushe kamar itace. Turawa kuwa suna kwance a bakin ruwa. Ni dai idona na ƙasa. Na bi gindin kwakwa, na bi bayan masallaci, ban ga dutse ko ɗaya ba, sai farin yashi.

Wata safiya wani dattijo sa'ana ya ɗauke mu a jirginsa. Dā masunci ne, yanzu baƙi yake kaiwa kallon murjani. Ni murjanin da na sani shi ne jar tsakiyar ado a wuyan mahaifiyata. Ban iya iyo ba, sai ya tsayar da mu inda ruwa bai wuce ƙirji ba, ya ɗaura mini gilashi a fuska, ya ba ni igiya. Da rigata da wandona na shiga, na yi bismillah, na sunkuya.

Allah mai iko! Gari guda ne a ƙarƙashin ruwan. Wani murjanin ya yi rassa kamar ƙahon barewa, wani ya baje kamar faifai. Kifaye rawaya da shuɗi suna shiga suna fita, ba wanda ya kula da ni. Wani babba ya zo daidai hancina, ya dube ni, ya wuce abinsa. Har na manta ba a numfashi a nan.

A sunkuyawa ta gaba na hango wani dunƙule, daidai tafin hannu, da zane a jikinsa kamar an bi shi da alƙalami. Na ce a raina, ga dutsena. Na miƙa hannu ke nan sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

Ashe dattijon ne ya biyo ni cikin ruwan. Muka ɗago. 'Yata tana cikin jirgi tana fassara. "Baba, ya ce me za ku yi da shi?"

"Ki ce masa taimama."

Dattijon ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce abin nan rai gare shi. Wasu ƙananan halittu ne suke gina shi, na baya a kan na gaba, kuma duk tsibirin nan aikinsu ne, har yashin da muke takawa. Ya ce kakanninsu da shi suka gina masallaci, amma yanzu ko mataccen ba a fita da shi, domin shi ke tare musu igiyar ruwa, kuma a cikinsa kifi ke hayayyafa.

Na ce, "To ku da me kuke taimama?"

Ya nuna teku da hannu biyu. "Alhaji, da wannan ruwan duka?" Amma ya ce marar lafiya yashi yake bugawa.

Da azahar na durƙusa a gefen masallacinsu na ɗora tafuka a kan yashin. Na daɗe ban ɗaga ba. Halittar da idona bai iya gani ita Ubangiji ya sa ta yi wa mutane ƙasar noma da ta sujada da ta kabari a tsakiyar teku. Har muka bar tsibirin, hannuna bai sake jini ba.

Na dawo Landan ba dutse. Hajiya ta ba surukinmu, mijin 'yarmu, labari tana dariya. Ran Asabar sai ga shi da leda daga shagon kayan lambu a Croydon, inda ashe ake sayar da duwatsu don ado. Na wanke ɗaya, na shanya shi a taga, na yi la'asar da shi.