Yadda Muka Raba Shimfiɗar Takalmi Ni da Yayana

Na fi shekara ashirin ina tsaye bakin teburin nama a Tudun Wada, sai dunduniyata ta hagu ta ce ta gaji. In na taka ƙasa da safe, kamar na taka ƙusa. Ciwon ya hau gwiwa, ya zarce ƙugu, har na koma sara a zaune. Sara a zaune kuwa ba ya raba ƙashi, masu saye sunka fara wucewa teburin gaba.

A asibiti anka sa na taka wani soso, sawuna ya fito, wai za a yi mini shimfiɗar cikin takalmi daidai ƙafata. Ni da ko rigar salla ba a auna ni, ga ƙafata ta samu tela. Bayan sati biyu anka miƙo mini abu biyu kamar busasshiyar ganda. Likitar ta ce, "Baba, taka ce kai kaɗai, ba ta yi wa kowa." Na ce to. Ba ta san gidanmu ba.

Shimfiɗar ta yi aiki kuwa, na koma tsayuwa. Wautata ɗaya, na ba da labarinta a zaure.

Washegari sai ga yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya koya mini riƙon wuƙa. Gwiwa ke damunsa.

"Kai, ina maganin nan da kake takawa?"

"Yaya, ba magani ba ne, awon ƙafata ne."

"To, ƙafarka da tawa ba ciki ɗaya sunka fito ba?"

Wanga ilimi ko likitar ba ta kai shi ba. Ya ce ba zai zalunce ni ba, mu raba. Ya zaɓi ta hagu, don ta fi kauri. Da ta yi masa tsawo, ya sa wuƙa ya rage ta kamar mai cire kitse.

Kwana uku ya ce ya ji sauƙi, ya miƙa wa surukinsa a Gawon Nama mai ciwon baya. Ina jin yanzu tana wajen mai ciwon haƙori. Ni kuwa anka bar ni da ta dama, ƙafar da ba ta taɓa ciwo ba tana shan gata.

Na koma asibiti na sake taka soso, anka yi mini sabuwa. Yanzu ƙafa lafiya lau, ina sara a tsaye. Amma da na hango yayana sai in kama ɗingishi. Shi kuma tausayi ya kama shi, ya ce zai aiko mini da ragowar man zafin da maƙwabcinsa ya ba shi.