Gidan da Baba Ya Saya da Tsohuwa a Ciki

Jiya maƙwabciyata ta aiko mini da daddawar kalwa a leda, wai ta Getso ce, in ɗanɗana. Ina kwance ledar warin ya cika ɗakin girki. Na tsaya riƙe da ita har ruwan miya ya tafasa ya zube a wuta. Kada ku ɗauka kuka na yi. Tsayuwa kawai na yi, sannan na ƙulle ledar na ajiye.

Ina shekara bakwai Baba ya sayi gidanmu na Gwarzo. Kafin nan haya muke bayan kasuwa, kusa da shagon ɗinkinsa. Baba ba ya ga maciji da dillalai. Cewa yake, mutumin da bai taɓa kwana a gida ba, me zai faɗa maka a kansa? A masallaci ya ji wani Alhaji mai sayar da hatsi zai koma Kano wurin ɗansa, sai ya wanke ƙafa ya same shi da kansa. Ranar ciniki ya tafi da ni, don Inna tana jego kuma na ishe ta da fitina.

A zaure aka shimfiɗa tabarma. Ga mai unguwa, ga liman, ga ƙanen Baba. Baba ya taya, Alhaji ya ce albarka, Baba ya ƙara, aka yi ta yi har na fara gyangyaɗi. Da aka zo gab da sallama sai Alhaji ya gyara zama.

"Malam, akwai magana. Yayata tana ɗakin ƙurya. A gidan nan aka haife ta, nan ta dawo da mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika. Idonta ya yi rauni, da ƙafa ta san gidan. Na yi na yi ta bi ni Kano, ta ce sai dai gawarta. In ka saya, da ita ka saya."

Ƙanen Baba ya zungure shi da gwiwar hannu, ni na gani. Baba bai ko dube shi ba.

"Tana cin tuwon dawa?"

Alhaji ya ce tana ci.

"To shi muke ci. Na yarda."

Aka shafa fatiha, aka raba goro. Mai unguwa ya rubuta iyakar gida gabas da yamma a takarda, amma babu tsohuwa a cikin rubutun. A baki aka yi ta, a baki ta tsaya. Da muka koma Inna ta ji labari, ta tafa hannu ta ce, "Ni 'yasu! Malam, gida ka sayo ko uwa?" Ta yi mita mako guda cur, sannan ta fara zuba tuwo a kwano na musamman tana ba ni in kai wa tsohuwar.

Gwaggo muke ce mata. Doguwa ce, ba ta da yawan fara'a, kuma daddawa ce sana'arta. Da bazara, in ɗorawa ta nuna, mata daga Madadi su kawo mata kalwa a buhu, mu kuma yara mu yi ta lasar garin har bakinmu ya zama ruwan ɗorawa. Ta dafa kalwar wuni guda, ta surfe da toka, ta wanke, ta sake dafawa, sannan ta juye a kwando ta rufe da ganye da tsumma. Kwana uku ba mai ɗaga murfin nan. Na taɓa leƙawa a ɓoye, ko minti ɗaya ban yi ba, sai ga muryarta daga ɗaki, "Ƙawata, wa ya aike ki?" Ido ba ya gani, amma hancinta da kunnenta, sai dai a bar su. Warin kuwa har kayan makarantata yake kamawa, ana tsokanata da shi a aji, ni kuma in dawo in huce a kanta, ita ko a jikinta.

Da damina in gida ya yi yoyo, ɗakinta Baba yake fara yi wa yaɓe kafin namu. Inna ta yi magana sau ɗaya, ya ce ai ita muka tarar. Shekara goma sha ɗaya ta yi tare da mu. Alhaji ya riga ta rasuwa, 'ya'yansa kuma ba su cika leƙowa ba. Ranar da ta cika, lokacin kaka ne, tsakar gida cike da damman gero. Baba ne ya zauna a ƙofar gida kwana uku, shi ake yi wa ta'aziyya, baƙi da yawa sun ɗauka mahaifiyarsa ce. Bai gyara wa kowa ba.

To, bara na ajiye aikin koyarwa. Maigidana ya rasu, Baba da Inna sun daɗe da tafiya, gidan Gwarzo an raba gado an sayar. Na ce bari in sayi nawa a Kabo, in huta da haya. Na kuma bi hanyar Baba, ban da dillali, har ina yi wa ƙawayena alfahari da hakan. Na ji labarin wani malamin asibiti da zai tashi da iyalinsa zuwa Kaduna, na ɗauki ƙanena muka je.

Mutumin kirki ne. Ya nuna mana inda rufi yake ɗiga, ya ce rijiyar tana ja baya da rani, bai ɓoye komai ba. Da muka isa ɗakin ƙurya ya yi sallama a hankali. Wata tsohuwa ce zaune a kan buzu da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefen da ba nan nake ba. Daga ƙofar ɗakinta an ɗaura igiya daidai ƙugu, ta bi jikin bango har banɗaki.

Da muka zauna a falo ya yi ta murza hula a hannu.

"Hajiya, ƙanwar mahaifina ce. Can inda za mu bene ne, ba za ta iya ba. Ko za ki bar mata ɗakin nan? Abincinta a wuyana."

Na san maganar tun kafin ya ƙarasa ta. Amsarta ma na sani, da kunnena na ji ta ina shekara bakwai. Ƙanena ya sunkuyar da kai, shi ne jaririn da Inna take jegonsa a lokacin, a bayan Gwaggo ya girma. Sai na ji bakina yana cewa, "Malam, gida nake so ba kowa a ciki."

Dalili kam ina da shi, har da na sayarwa. Ɗakunan uku ne, 'yata ta dawo da yara biyu, ɗana yana shirin aure, ga hawan jini. Kuma yanzu wa yake yarda da magana a baki? Duk na lissafa masa. Ya ce, "Ba komai Hajiya, haƙƙinki ne." Aka kira shaidu, aka sa hannu, aka shafa fatiha. Daga baya na ji an kai ta Garo wurin wasu dangi. Ban tambayi ko su waye ba.

Na jira in ji wani abu, kunya ko baƙin ciki, har yau shiru. Ina ci, ina barci, ina zuwa biki. Abu ɗaya ne yake dawo mini. Mutanen yanzu da suke saya ta hannun dillali, a share musu gida a miƙa musu makulli, ba su san wa aka fitar ba. Da na bi ta nan, da sai in ce ban sani ba. Ni kuwa na gan ta, na gaishe ta, ta ce Allah ya yi mini albarka.

Ɗakin yanzu buhunan masara ne a ciki. Igiyar tana nan, ba wanda ya kwance ta, a kanta muke shanya kayan yara. Kwanaki jikata ta tambaye ni me ya sa igiyar shanyarmu ta yi ƙasa haka, ba kamar ta mutane ba. Na ce mata haka muka same ta.